Abin da Ya Biyo Bayan Amshi

Nasarawa, Kaduna
4 ga Nuwamba, 1985

Yaya Sylvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan Legas lafiya.

Ran Asabar da safe na taso daga aiki a masaƙa, na tarar Chidi mai kaset ya sa sabuwar waƙarka a bakin shagonsa. Na tsaya ina murna. Baitin farko kai kaɗai ne. Da amshi ya shigo sai ga muryar mace a bayanka, kamar na san ta. Ban yi gaggawa ba, tunda amshi zai sake zagayowa. Duk zuwansa sai na ƙara kasa kunne. Yaya, muryar Juliana ce, wadda zan aura da Ista, wadda ta ce mini tana Jos tana koyon tafireta.

Ka gaya mini gaskiya.

Ƙanenka,
Wilson

Legas
19 ga Nuwamba

Wilson ɗan Mama,

Na gaishe ka da kyau. Kai, ka ba ni dariya! Ƙarar injin masaƙa ta taɓa maka kunne. Waƙar zamani duk tafiyarta ɗaya: baiti, amshi, baiti, amshi, a ɗan sauya salo a tsakiya, a komo amshi, injiniya ya yi ta rage sauti har ta ɓace. 'Yan amshi a situdiyo, ɗakin ɗaukar waƙa, ake samunsu, ko sunansu ban tambaya ba. Ka saki ranka, ango. Ka gaida Mama.

Yayanka,
Sylvanus

Nasarawa
27 ga Disamba

Yaya,

Barka da Kirsimeti.

Juliana ta zo gida, ban tambaye ta komai ba. Jiya tana suyar cincin, na sa Chidi ya kawo rediyonsa muka kunna waƙar. Ta kama amshi, ban damu ba, ko yaran layi suna yinsa. Sauti ya yi ta raguwa, ya ɓace, kaset ya tsaya ƙas. Ita ba ta tsaya ba. Ta zarce cikin wani baiti da babu shi a kaset, har da inda kake kiran sunan Mama. Sai ta ɗago ta gan ni, ta rufe baki.

Kai ka ce injiniya ke rage sauti. To, abin da ya biyo baya, wa ya ji shi in ba wanda ke cikin situdiyon ranar ɗaukar waƙar ba?

Kada ka sake cewa kunnena ne. Chidi yana wurin, mamanta tana wurin, da Baba Audu dattijon cocinmu, wanda ya je nema mini aurenta.

Ka huta lafiya.
Wilson