Gidan da Na Ce Ba Kowa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce na yi shiru. Kunya ce ta riƙe mini hannu, Yaya.

Kin san mu huɗu ne, duk mata, muke ɗaukar hotunan gine-ginen da yaƙi ya ɗaiɗaita, hukuma ta duba ta ware na gyara da na rushewa. Watan jiya na shiga wani tsohon bene. Rabinsa ya zube, amma ga wata taga mai zanen furanni, harsashi ya huda ta sau bakwai, hasken hantsi na zubowa ta ɓurmammen rufi. Har tsigar jikina ta tashi. Sai dai igiyar shanya ta gitta tsakiya, ga murhu, ga buta.

Wata tela ce a ɗakin ƙasa da 'ya'yanta uku. Kin san ni da son a ce na iya. Na roƙe ta ta kwance igiyar, muka ja keken ɗinkinta bayan bango, har sawun yaran na sa aka share. Ta taya ni tana dariya.

Hoton ya yi kyau, shugabarmu ta yaba. Hukuma kuwa ba ta ga alamar mutum ba, ta sa gidan cikin kangaye. An shafa jan fenti a ƙofar, ranar Litinin za a rushe.

Na je ofis, jami'in ya ce shi abin da hoto ya nuna ya sani. Ya ce sai na kawo wani hoton, na kuma rubuta da hannuna cewa shirya na farkon na yi, ko da za a karɓe kyamarar. Na rubuta, wannan bai yi mini wuya ba.

Jiya na koma gidan don in gaya wa telar gaskiya, in ɗauki sabon hoton. Ashe ta ɗauka fentin alamar gyara ce, kuma ni na yi musu hanya. Ta yi ta sa mini albarka, ta miƙo mini jakar kyamara da ta ɗinka da ragowar yadi. Yaya, na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, na fito ban ce komai ba.

Saura kwana uku. Ki taya ni addu'a bakina ya buɗu gobe.

Ki gaida Mama, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙanwarki,
Auta