Kunyar 'Yar Ƙanena Ta Hana Ni Komawa Asibiti

Assalamu alaikum Hajiya Dije. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ruwan shuka ya sauka, domin idan ya sauka ban yanke hukunci ba, ina tsoron kaina.

Ni manomi ne a wajen Ƙofa, shekarata hamsin da biyu. Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar noman fari, bayana ya riƙe har sunkuyawa ta gagare ni. Abokina Maikano, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya zaro ƙwayar tiramol guda biyu daga aljihu ya ce in kora da ruwa. Hajiya, ran nan na nome abin da nake kwana uku a kansa, na dawo gida ina taku kamar saurayi. Daga biyu aka koma huɗu, daga huɗu na daina ƙirgawa. Damina ta wuce, aiki ya ƙare, ni ban daina ba. Ranar da ban sha ba sai hamma da majina, ko gaisuwa ba na son amsawa.

A kakar da ta wuce ina ɗaure damin dawa na yanke jiki na faɗi ina jijjiga. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska. Aka kwashe ni zuwa asibiti. Ina buɗe ido, wa zan gani tsaye a kaina da farin kaya in ban da Ramla, 'yar ƙanena, yarinyar da ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Na san ta karanci aikin jinya, amma ban taɓa kawo wa raina a hannunta zan faɗa ba.

Ta fitar da 'yan rakiya da dabara, wai ina bukatar iska. Na fara kawo mata labarin zazzaɓin cizon sauro. Ta saurare ni har na gama, sannan ta rage murya ta ce, "Baffa, guda nawa kake sha a rana? Ba don in ji ba ne, don likita ya san yadda zai rage maka." Na faɗa mata ina kallon silin.

Kwana tara na yi a gadon nan. Gumi da sanyi lokaci guda, ga gudawa, ga ƙafafu kamar ana murɗa su. Na yi mata amai a takalmi. Na roƙe ta ta nemo mini ƙwaya ɗaya tak, da ta ƙi na ce mata ba ta da tarbiyya. Ta ce ta ji, ta miƙo mini ruwan gishiri da suga. Ni da ake tashi tsaye idan na shigo zaure, har kuka na yi a gabanta.

Alhamdu lillahi, yau wata biyar ke nan ko ɗaya ban sha ba. Barci nake kamar jariri. Cin tuwo kuwa, matata Saude ta ce in na ci gaba da haka rumbu ba zai kai mu damina ba, amma tana faɗa tana ƙaro mini miya. Jikokina da ke gudu idan sun ji muryata, yanzu a kafaɗata suke wuni.

Ga inda matsalar take. An ce in riƙa komawa duk wata a duba ni, kuma Ramla ce a ɓangaren. Sau uku na je, sau biyu na kauce. Na ƙarshen har bakin asibitin na kai, na hango ta, sai na juya na shiga kasuwa na sayo igiyar da ba na bukata. Ba ta faɗa wa kowa sirrina ba, ko mahaifinta. Idan ta zo gida ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, wannan ɗin ma ya fi kashe ni da kunya. Saude har gobe ta ɗauka farfaɗiya ce. Bayan nawa bai daina ciwo ba, Maikano kuma ya fara tambaya ko bana ma za mu haɗu a kan ƙwayar. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa: akwai kati ɗaya na ƙwayar da na cusa a rufin rumbu, wai don ko-ta-kwana. Ban taɓa shi ba, amma kullum na san yana nan.

Shin in koma wani asibiti a Kano inda ba wanda ya san ni? In faɗa wa Saude, ko in bar ta a yadda take?

Daga Baffan Ramla.

Amsa

Wa alaikumus salam Baffan Ramla. Da farko barka da arziki. Wata biyar ba wasa ba ne, kuma wasiƙarka ta sa ni dariya a wurare da dama, alamar lafiya ta dawo.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Katin nan ya bar rumbu yau. Ka sa shi a aljihu ka kai asibiti ka miƙa. Jikinka ya manta da ƙwayar, adadin da kake ɗauka a da zai iya kayar da kai yanzu, faɗuwar da ta fi ta bara muni. Abin da aka ajiye don ko-ta-kwana, ranar gajiya ake tuna shi, kuma ranakun gajiya suna tafe.

Kunyarka ba shirme ba ce. Da nauyi 'yar da ka yi wa huɗuba ta ga hawayenka, kuma kana da damar ka nemi a haɗa ka da wani ma'aikacin jinya, namiji ma idan akwai. Ba wanda zai ga laifinka. Amma Kano ban ba ka shawara ba. Wanda ya juya a bakin asibitin da ke kusa da shi, ranar da ciyawa ta cinye gona ba zai hau mota zuwa birni ba. Sannan ka duba Ramla da kyau. Abin da ta gani a jikinka ta gan shi a jikin mutane da yawa, ta san ciwon ne ke magana ba Baffanta ba. Durƙuson da take yi maka ba rufin asiri ba ne kawai, har yanzu girmanka take gani. Ina kyautata zaton abin da ke damunta ɗaya ne: wata biyun da ba ta ga sunanka a layi ba.

Idan ka je, ka faɗa wa likita maganar bayan nan dalla-dalla, domin ta nan aka shiga. Bana ka noma abin da ƙarfinka zai iya. Ka fita da sassafe, ka huta idan rana ta take, ragowar ka kira gayya ko ka ba wani aro. Maikano kuma ka gaya masa sau ɗaya, a fili, cewa ka daina. Wataƙila shi ma yana neman wanda zai nuna masa hanya.

Saude fa? Sirrinka ne, ba zan tilasta maka ba, kuma za ta iya jin zafin an ɓoye mata. Sai dai macen da ta yi shekara uku tana wanke maka aljihu, da wuya a ce ba ta hango komai ba. Ka zaɓi ranar da kuke cikin raha ka gaya mata. Za ka samu wanda zai lura da kai a gida, ya kuma tuna maka ranar asibiti.

Ka je a wannan makon, kada ka jira wata ya cika. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ka, Ya ba da damina mai albarka.

Hajiya Dije