Akuyar da Ba Ta Cikin Baiti

Zuwa ga aminina Bahago,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana samun sauƙi, kuma uwargida da babban ɗanka da iyalinsa duk suna lafiya. Yaya hannun? An ce mini yanzu kana takawa daga ɗaki zuwa bakin ƙofa ba tare da an riƙe ka ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke yi mini gardama duk sanda ta hango matakala.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Sau biyu na kira ka a waya, na ji yadda magana take yi maka nauyi tun da ciwon nan ya taɓa ɓarin jikinka na hagu, sai na ga wahalar da kai kawai nake yi. Shi ya sa na koma wa takarda. Ka karanta a tsanake, in akwai amsa ka faɗa wa ɗanka ya rubuto.

Bayan haka, zancen Takalmin Auta ne ya kawo ni. Cikin littattafai tara da muka yi wa ƙananan yara, ni da baiti kai da zane, ka san shi kaɗai ya rage ana sayarwa. To, makon jiya manajan maɗaba'a ya kira ni ofishinsa, wannan ɗakin na sama mai fankar da ke kuka, inda ka taɓa kifar da ruwan wankin burushi a kan tebur. Sabon manaja ne, ba ka san shi ba, mutum mai ladabi. Yana so a sake buga littafin, a ƙara masa girma, a sa takarda mai kauri wadda hannun yaro ba zai yaga ba. Sai dai ya ce zanen ya tsufa. Wai launin ya koɗe, iyayen yanzu kuma abu mai ƙyalli suke ɗauka daga kantar littattafai. Suna da wata matashiya mai zane da kwamfuta, suna so ta sake shafuka goma sha biyun gaba ɗaya. Baitocin kuwa ba za a taɓa su ba.

Na ce masa sai na ji ta bakinka tukuna.

Ni dai a ganina, shekara ashirin da bakwai da fitowar littafin ba kwana ashirin da bakwai ba ne. In littafin zai ƙara tsawon rai, ko a wace riga ce, yara ne suka ci riba. Kuma ka ga, ƙila a ƙarshe in huta da akuyar nan taka. Sau nawa na gaya maka babu akuya a baitina? Na rubuta yaro ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya yana nema, kai kuma ka je ka cusa mini 'yar akuya a kowane shafi, ba sallama ba neman izini. In na yi mita sai ka yi murmushin nan naka, ka ci gaba da fiƙe fensir. Wasa nake yi, kada ka ɗauka da zafi.

Ka gaishe mini da uwargida da kyau. Tawa uwargidan tana gaishe ku, ta ce in gaya maka zumunci a ƙafa yake, wai da ni take. Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
Amsa-amo (sunan da ka liƙa mini, har yau ya ƙi fita)

*

Zuwa ga aminina Bahago,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, da fatan jiki yana ƙara ƙwari. Makonni biyar ke nan da na rubuta maka, ban ji komai ba. Ɗanka ya ce wasiƙar ta iso, ka karanta, ka ninke ta ka sa a cikin akwatin fentinka, ba ka ce a rubuta komai ba. Na fahimta. Shiru ma magana ce, kai kuwa ka daɗe da ƙwarewa a kanta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarya na yi maka a wancan karon. Ban ce wa manaja sai na ji ta bakinka ba. A zaman nan na sa hannu, tun shayin da ya ba ni bai huce ba. Da ya ce littafin zai sake shiga kantuna da sunana a bango, wani daɗi na ji irin na yaro, na manta da kai har na sauko daga bene. Daga baya na rubuto maka kamar mai neman shawara, alhali neman wanda zai wanke ni nake yi. Wannan ita ce gaskiya, kuma ina jin kunyarta.

Amma ba wannan kaɗai ya sa na ɗauki biro yau ba. Ranar Laraba an kawo mini gwajin sabon bugun. Kada in ci amanar matashiyar nan, ta iya aiki. Launi kamar ka lasa, Auta ya yi kumatu, kuma duk abin da baiti ya faɗa ta zana shi daidai, ba ragi ba ƙari. Na sa shi a jaka na tafi ɗakin karatu na unguwarmu, sashen yara, inda nake yi musu karatu duk mako. Ka tuna wurin: darduma shuɗiya, kujerun da ba su kai gwiwa ba, da kantar littattafai mai tsayin ɗan shekara uku. Yara goma sha ɗaya suka zo, har da jikata 'yar shekara huɗu, wadda muke kira Alƙaliya saboda ba a gama magana a gidan ba ta yanke hukunci ba.

Na yi yadda na saba. Na ɗaga littafin a ƙirjina, shafi yana kallon yara, bango yana kallona, ina kawo baitocin da ka, in na zo kalmar ƙarshe sai in yi shiru su cika:

Na duba ƙarƙashin gado,
Ban ga komai ba sai kwaɗo.

Na leƙa cikin tukunya,
Na fito ina jin kunya.

Sun cika kowace kalma, ba kuskure. Sai dai ɗakin ya yi mini wani iri. Ka san yadda suke yi a da, ihu da tsalle da nuna yatsa, ana kiran akuya, akuya, har in tsaya in ce a yi shiru a saurari waƙa. Ranar nan ba wanda ya motsa. Na yi zaton kyan zanen ne ya ɗaure musu baki. Na kai baitin ƙarshe:

Rana ta faɗi, na gaji,
Na shige ɗaki kamar kaji.

Na rufe littafin ina jiran tafi. Sai wata yarinya ta tambaye ni ina takalmin. Wani ya ce a buɗe gaba, na nuna masa babu gaba. Alƙaliya kuwa ta miƙe ta sanar da jama'a cewa wannan littafin ya lalace, ba a gama shi ba. Ta nufi kantar littattafai, ta zaro tsohon namu, wanda bangonsa ya sha gam har ya gaji, ta ja hannuna ta ce in zauna a ƙasa.

Bahago, na zauna. Ta ɗora yatsa a shafin farko, a bakin akuyar. Na gyara tabarau. Shekara ashirin da bakwai ina ɗauka ganye take ci.

Takalmin ne. Auta yana leƙa ƙarƙashin gado, tana tsaye a bayansa da takalmi a baki. Ya tura kai cikin tukunya, tana bayansa. Ya hau bishiya, tana gindi tana kallonsa. A shafin ƙarshe yana barci, ita kuma ta kwanta a bakin ƙofa ta yi matashi da shi. Ni da nake taƙama na rubuta labari mai koyar da haƙuri, ashe yaro na ɓatar wa takalmi na tura shi barci da ƙafa ɗaya, kai ne ka bi bayana ka gyara ɓarnar. In an kawo gwajin bugu, layukana nake bi ina farautar harafin da ya faɗi. In ina karanta wa yara, bango nake kallo. Ihun da nake tsawatarwa, ashe Auta suke ƙoƙarin taimaka wa.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Na yi ta juya tambayar nan, kuma ina jin na san amsar. Ka ɗauka wata rana zan duba da kaina.

Gobe zan je wurin manaja. Ka gaida uwargida. Allah ya ba ka lafiya.

Naka,
Amsa-amo

*

Zuwa ga aminina Bahago,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Yaya ƙarfin jiki? Uwargidanka ta shaida wa tawa cewa da ka karanta wasiƙata ta biyu ka yi dariya har sai da aka kawo maka ruwa. Na gode Allah. Ko ni ake yi wa, dariyarka ce, na karɓa.

Na je wurin manaja, na shimfiɗa masa littattafan biyu a kan tebur. Shi ma bai taɓa lura ba, ka ga ba ni kaɗai ba ne makaho a garin. Ya yarda ba za a sayar wa yaro labarin da ba a ga takalmi ba. Na roƙe shi a mayar da zanenka. Ya ce wannan an wuce wurin, masu kantuna sun riga sun ga sabon bango. Sake shafuka goma sha biyu kuma lokaci ba zai bari ba. Sai ya kawo mafita mai sauƙi: in ƙara layi biyu a ƙarshe masu faɗin inda takalmin yake, matashiyar ta ɗora 'yar akuya guda a kusurwar shafin, shi ke nan an rufe ramin. Ya ba ni kwana uku.

Ban kai gida ba na gama. A cikin mota suka zo mini, na rubuta a bayan ambulan:

Sai da safe da na juya,
Na gan shi a bakin akuya.

Ka ji fa, ba abin kushewa. Sun zauna daram, yaro zai cika kalmar ƙarshe tun ban rufe baki ba. Na ajiye ambulan a kan teburina kwana biyu, ina wucewa ina kallonsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina so. Ina so in shiga kanti in ga littafin sabo fil, in ga wata uwa ta ɗauka. Shekaruna sun ja, ba na jin zan sake rubuta wani.

Abin da ya hana ni shi ne, da layukan nan biyu komai zai dawo hannuna. Na cire maka zane, sannan in ɗauke akuyar ma in mayar da ita tawa. Yaran kuma su rasa abin da suka fi so, wato su riga babba sanin inda takalmi yake. Da kai suke wannan sirrin, ni ina tsaye a tsakani ina ce musu su yi shiru.

Jiya na koma na ce masa ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba. Hannun da na sa na zane ne, baiti kuwa sai da yardata ake taɓa shi. Ya yi ta lallashi, ya ce in yi tunani, domin in haka ne an fasa bugun, tsohon ma in ya ƙare ba za a sake ba. Na ce na ji. Matashiyar ta raka ni har ƙasan bene, ta roƙi in ara mata tsohon littafin, na ce wannan ba na aro ba ne, amma akwai guda a ɗakin karatu.

To, ka ji. Littafi na tara ɗin ma ya bi 'yan'uwansa, kuma ni na jawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba. Ban san ko hakan ya biya abin da na yi maka ba, ina jin bai biya ba.

Shekara biyu da komawarka gidan ɗanka, sau ɗaya na zo, domin na kasa jure ganin hannun nan a kwance kan cinyarka. Ranar Asabar ina tafe a motar safe, da gwiwar da komai. Kada ka wahalar da kowa da rubuta amsa. Zan zo da nawa littafin. A shimfiɗa mini tabarma a gaban kujerarka. Kai za ka riƙe, hannun dama ya isa buɗe shafi, ni kuma in zauna a ƙasa in yi shiru, ka nuna mini sauran abin da ban gani ba.

Ka gaida uwargida da yara. Sai na iso.

Ni ne amininka,
Amsa-amo