Allurar da Ta Ƙi Tsayawa a Kwarin Baure

Litinin, 6 ga Mayu 1974

Mun gama binne tiyo daga foraj, rijiyar burtsatse, har gindin shato, tankin ruwan sama, na Kwarin Baure, gabas da Dungass. Saura gwaji. Motar ruwa ta zo daga Magariya ta cika tiyon, muka toshe baki biyun, Ɗan Azumi mataimakina ya yi ta matsa pampon hannu har allurar agogon awo ta hau inda ake so. Ƙa'ida ita ce ta tsaya cak. Kafin in gama alwala ta fara sauka. Na ce iska ce ta maƙale a ciki. Allah ya sa.

Talata, 7 ga Mayu

Ba iska ba ce. Mun fitar da iskar, mun sake matsawa, allura tana zamewa kamar wandon da ba tazuge. Wani wuri yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Patoro, shugaban aikinmu, ya ce injin jan ruwa ɗaya ne tak. In allura ba ta tsaya ba ran Litinin, garin Waca zai kai shi, garin nan ya jira baɗi. Baɗi! Wa zai rage a nan baɗi?

Na saba da tiyon ƙarfe. Wannan na zaren gilas da gam ne, ba nauyi, ba tsatsa, amma bugu ɗaya ya tsage, kuma tsagar ba ta da baki.

Laraba, 8 ga Mayu

Motar ruwa ba za ta dawo ba, ba gazuwal, man da take sha. Dole na je wurin Maigari Rabe roƙon ruwan rijiya, rijiyar da mata ke zura guga su zauna jiran ta tsatso. Ya dube ni ya ce, "Muttaƙa, kawo mana ruwa ka zo yi ko kwashewa?" Duk da haka ya sa kowane gida ya ba da tulu guda. Ina kallon matan, na ɗura ruwan shansu cikin ƙasa, allura ta sauka. Ban iya cin tuwo ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mun tone mahaɗa bayan mahaɗa. Duk a bushe ƙamas. Wayyo ni.

Juma'a, 10 ga Mayu

Gida biyu sun ɗaura kaya sun yi Najeriya. Wani ya ce da ni a ƙofar masallaci, da ma kun bar mu da ƙishirwarmu. Raina ya ɓaci, na rantse gaban jama'a in hannun mutum ne ya taɓa tiyon nan, ni da kaina zan kai shi jandarma. Kowa ya ji.

Asabar, 11 ga Mayu

Na samu. Da ma ban samu ba.

Na bar tono, na bi layin da ƙafa. A kan tudun da iska ta kwashe rairayin da muka rufa, baƙi 'yan gudun fari daga arewa sun sauka. Wata tsohuwa, Gumsu, da saniya ɗaya, ƙashi da fata. Turken saniyar kuwa daidai tsakiyar layinmu! A gindinsa ta fafe ɗan gurbi, ruwa na taruwa, tana kwasa da ƙoƙo.

Na yi mata tas. Abin da ban faɗa ba na manta shi ne. Ta bari na gaji sannan ta ce, "Ɗana, ƙasar nan duk ta ƙi turke, ta yi tauri kamar dutse. Nan kaɗai ta karɓa. Da na ga danshi na ce Allah ne ya tuna da ni."

Ashe ruwan matan gari nan yake zuwa. Ta ce a rijiya ba a ba dabbar baƙo layi. Garke guda suka taso da shi, wannan ce ta rage, nononta jikokinta ke lasa. "In ka toshe, ina zan shayar da ita?" Na ce ba ni na kawo fari ba. Na tuge turken da hannuna, na jefar.

Lahadi, 12 ga Mayu

Mun yanke inda ya tsage, mun sa mahaɗa, muna jiran gam ya kama. Na koma wurin maigari roƙon tulu na ƙarshe. Ya ce, "To wa za ka kai jandarma?" Na ce dutse ne ya danne tiyo. Ɗan Azumi ya buɗe baki, na harare shi.

Saniyar yau ba ta tashi ba sai da aka ɗaga ta. Me ya dame ni? Gari guda ke wuyana. In gobe allura ta motsa, ban san da wane ido zan dubi matan nan ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Ta tsaya. Alhamdu lillahi, ta tsaya cak, patoro har ƙwanƙwasa gilashin ya yi. An sauke inji, mata sun yi guɗa.

Da muka bi layi patoro ya ga ɗan pampon da na ɗaura a kan tudu. Ya ce wannan ba ya cikin tsari. Na ce tudu ne, nan iska ke taruwa, dole a yi mata mafita. Gaskiya ce kuwa, duk mai aikin tiyo ya sani. Ba don kowa na sa shi ba.

Sai dai pampon yana son mai buɗewa safe da yamma, kuma tsohuwar ce kusa. Na nuna mata yadda ake murɗawa, iska ta fita ruwa ya biyo bayanta, na kafa mata turke can gefe da diga. Ta ce, "Ɗana, yaya zan gane iskar ta gama fita?"

Na ce, "Iya, sai kin ga saniyar ta ɗaga kai."