Kada a Kai Moss Fadama Sai Ta Iya Zama

Laraba. Na wanke ɗakin karnuka, na ba su abinci.

Ni, Gareth Cawthorn, nake rubuta wannan zuwa ga 'ya'yana, Bryony da Rowan. Hankalina ƙalau yake, ban sha komai ba sai shayi. Idan kun ga rubutun ya karkace, tsoro ne, ba ruɗewa ba. Jibi za a yi mini tiyata a kai saboda jijiyar jinin nan da ta kumbura. Likita ta ce yawancin mutane suna tashi lafiya. Na ji ta, amma tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Na ɗaya. Gida da mota na mahaifiyarku ne, lauya ya riga ya rubuta. Tsohuwar karyarmu Teal ma tata ce. Ta ƙarar da ƙarfinta tana kwaso mana agwagi a ruwan sanyi, yanzu ƙugunta ya gaji. Kada kowa ya sake kai ta fadamar bakin teku, ko da ta tsaya bakin ƙofa tana kuka. Za ta yi kuwa. Ku daure.

Na biyu. Dogon takalmin roba da ke bayan ƙofa na Kawu Clive ne, ku mayar masa. Zai ce na huda shi. Da hujinsa ya ara mini.

Na uku shi ne maganar ƙaramar karya, Moss, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Kun san ba gudu ake nema a wurin karen farautar agwagwa ba. Zama ake nema. Bindiga ta tashi, agwagwa ta faɗo a gabansa, jikinsa yana ɓari, amma ya zauna har sai an kira sunansa. Dalili kuwa, kare tsuntsu kawai yake gani. Mutum ne yake ganin teku ta fara cikowa, ƙoramun da ya tsallake da ƙafa suna cika a bayansa. Shi ya sa a wurin horo nake jefa jakar tamfol a madadin agwagwa, in bar Moss a zaune, in je in ɗauko da hannuna tana kallo. Sai jefi-jefi nake aika ta. So nake ta gane ba duk abin da ya faɗo ne nata ba.

Ba ta gane ba tukuna. Ranar Lahadi, Rowan, kana tsaye. Clive ya jefa jaka tsallaken ƙorama, na harba bindigar horo, kafin in buɗe baki Moss ta faɗa ruwa. Ruwan yana shigowa da ƙarfi, ya fara jan ta. Ban ji tsoro saboda ita ba. Da na waiwaya na gan ka cikin taɓo har gwiwa, kana bin ta. Clive ya damƙo wuyan rigarka yana cewa, “Kai, yaron nan! Ita ƙafa huɗu gare ta, kai nawa? Fito kafin in sa maka igiyarta!” Ka yi dariya daga baya. Shi bai yi ba. Moss ta fita can ƙasa, ta girgije jiki, jaka a baki.

Ba a taɓa gaya muku yadda Stan, ƙanen Clive, ya rasu ba. Karensa ne ya ruga kan agwagwar da aka harbo ba a aike shi ba, Stan ya bi shi cikin ƙorama. Karen ya dawo gida shi kaɗai, a jiƙe, ya kwanta bakin ƙofa. Stan ya fi ni sanin fadamar nan nesa ba kusa ba. Tun ranar Lahadi, idan na rufe ido ba wuƙar likita nake gani ba. Bayanka nake gani, Rowan, kana shiga ruwa, ni kuma ba na nan.

Ga Satumba ta matso, za a buɗe farauta. Na san kana ƙirga kwanaki. Don haka ga abin da na yanke. Na yi ta juya shi a raina, har yanzu ban tabbata na yi daidai ba.

Bindigata taka ce, Rowan, amma za ta zauna a akwatin ƙarfen Clive, makulli a aljihunsa. Moss kuwa ta ku biyu ce. Usur ɗin kiran kare na Bryony ne. Ranar da Bryony ta ce Moss ta iya zama, a bakin ruwa, da ƙarar bindiga, ba igiya a wuyanta, ranar Clive zai buɗe akwati. Idan bana ta wuce ba a kai ga haka ba, to ta wuce. Agwagi za su dawo baɗi.

Na san ranka zai ɓaci, Rowan. Kai ne ka ce wa Bryony, “Ke kika lalata ta da jifan ƙwallo a lambu, sai ka ce karen 'yan birni.” Ita kuma ta ce, “To sarkin mugunta, kai ka zauna a jefa maka nama ka yi ta kallo mana.” Tun daga nan ko gishiri ba ku miƙa wa juna a tebur. Bryony, game da ƙwallo yana da gaskiya, ki daina. Amma ke na ba usur, saboda ke kaɗai ce a gidan nan ba ki ɗokin farauta, kuma kina tsoron ruwan nan yadda ya kamata a ji tsoronsa. Zai roƙe ki. Zai ce ai ta kusa. Kada ki ji tausayinsa.

Na huɗu. Faɗan nan ya ƙare. Horon zama ba ya yiwuwa da mutum ɗaya: dole wani ya yi jifa, wani ya tsaya kusa da kare. In ba ku magana da juna, Moss ba za ta koya ba.

Na biyar. Ko bayan ta iya, kada ɗayanku ya bi kare cikin ruwa. Ko Moss ce, ko tana kuka. Ku tsaya a tudu ku busa usur. Kare yana fita.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu da ruwa. Ku riƙe mahaifiyarku, ba za ta nuna muku tana tsoro ba, amma tana ji. Ku riƙa cin abincin Lahadi tare, ku kira Clive, ko da zai cika ku da surutu. Idan na tashi lafiya, zan ƙona takardar nan, in faɗa muku da baki, ku yi mini dariya.

Gobe:
A karɓo maganin ƙugun Teal.
Ƙofar ɗakin karnuka, sakata ta saki.
Kayan asibiti, har da tabarau.
In kai bindiga gidan Clive kafin Rowan ya dawo daga makaranta.
Moss a lambu: in jefa, in ɗauko da kaina. Kada in aike ta ko sau ɗaya.
In koya wa Bryony busar “tsaya”. Ita za ta busa, ba ni ba.