Albasar Kura a Kan Iyaka

Laraba, 11 Satumba
Magaryar shinge ta nuna jawur. Na yi wa aljanun wurin sallama kafin na tsinka, kada su shafe ni. Tijjani, ƙanin marigayi mijina Balgasim, ya sake tare ni, wai taku biyar na gonarmu nasa ne, har da ɓauren. Ya ce, "Matar yaya, bari albasar kura ta fito ta raba mu." To ta fito mana! Kakansu ne ya dasa ta a kan iyaka, ta ɓuya da rani, ta yi fure da kaka. Balgasim bai taɓa cin ko tsinken wani ba.

Lahadi, 15
Hazo a kan tudun zaitun har hantsi. Na zauna ƙarƙashin ɓauren, sai nake jin kamar tarin Balgasim a bayan shinge.

Juma'a, 20
Maƙwabciyata Mbarka ta kawo kuskus. Wai furen albasar kura kyandir ne da matattu ke kunna wa gonakinsu, wanda ya sare shi hannunsa zai yi ta ƙaiƙayi har hunturu. Na ce, "Ke dai da tatsuniya, tsohuwa!" Muka yi dariya. Bayan ta tafi na tuna man zaitun da nake shafa wa Balgasim a hannu duk kaka.

Talata, 24
Albasar kura ta fito. Furanni farare, dogaye, a jere cikin duwatsu, iska na kaɗa su a hankali. Ɓauren yana can ɓangaren Tijjani.
Shekara talatin, duk Satumba, Balgasim kan ɗauki lauje da sassafe ya nufi iyakar, wai macizai sun yi yawa a wurin. Wayyo ni. Ni ce ma mai wasa masa laujen.

Laraba, 25
Na je da laujen. Babu kowa sai ƙudan zuma a jikin furen. Na daɗe a tsaye. Na dawo da shi a bushe, ban sari ko ɗaya ba, ina jin haushin kowa.

Alhamis, 3 Oktoba
Ruwan farko ya sauka, kamar yadda ya saba a ƙasarmu da kaka, ƙasa na ƙamshi. Na ce wa mai garma ya tsaya inda furen yake. Tijjani na kallo daga nesa.
Ban ce mijina ya yi laifi ba. Kawai dai yau da na idar da salla, na ji bakina yana cewa Allah ya yafe masa.