Tsiran Alade Daga Kaduna

Dabai, 9 ga Satumba, 2004

Zuwa ga ɗiyata Magdalene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da sanyin Jos. Mu nan sai godiya, dawa har ta fara fitar da kai.

Babanki ya samu sauƙi. Hannun da ya shanye ya fara riƙe cokali, bakin ma ya kusa komawa daidai. Abin da likita ya ce kuwa ina bi sau da ƙafa: ba gishiri, ba dunƙule, ba kitse. Miyata yanzu ko ni mai dafawa ba na marmarinta, haka yake sha yana ƙunƙuni. Sai dai duk ranar awo jinin nan yana sama, ya ƙi sauka. Na rasa mi ya rage ban yi ba.

Albishirinki! Yayanki Aaron ya tuna da gida. Kin san tun da ya bar makaranta ya shiga soja ba da yardar babanku ba, ko gaisuwa ba ta haɗa su. To da ya ji labarin ciwon, sai ga Yari direba da kula cike da ƙanƙara daga Kaduna, a ciki ledojin tsiran alade, wanda suke ce wa sosej. Wai abincin manyan hafsoshi ne, a ba Baba ya mayar da jiki. Duk ƙarshen wata sai ya aiko. Ba takarda, kular kawai.

To mu ina muka ga firij? Sai na yi masa yadda muke yi wa naman daji. Na farke leda, na barbaɗe shi da gishiri sosai, na jera a waya bisa murhu ya sha hayaƙi. Ko ɗaya bai lalace ba. Tukunya daban na ware masa, saboda Asiya maƙwabciyarmu takan ari tukwanena. Huɗu babanki yake ci kowace safiya da kunu, ba ya ɗanɗana wa kowa.

Na wanke leda guda na sa miki a ambulan. Ki karanta mana Turancin da ke baya, mu ji irin amfanin da ke ciki.

Allah ya tsare min ke.

Uwarki,
Leah

*

Jos, 24 ga Satumba, 2004

Mamana,

Ina gaishe ki da Baba da ladabi, da fatan alherin Ubangiji yana tare da ku. Na yi murna da labarin hannun Baba, na fi murna da na Yaya Aaron. Amma da na karanta ledar nan, sai da na nemi wuri na zauna.

Ga abin da aka rubuta. Giram ɗari, wato kamar guda biyu, yana da kalori wajen ɗari uku. Kalori shi ne awon ƙarfin da abinci yake ba jiki, wanda ba a ƙone da aiki ba kuma sai ya taru ya zama teɓa. Huɗun da Baba yake ci ɗari shida ke nan tun kafin ya sha kunu, ga shi ba gona yake zuwa ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin nan kitse ne zalla. Akwai abin gina jiki a ciki, ban musa ba, amma bai fi wanda wake ko kifi zai ba shi ba.

Babbar damuwar gishiri ne. Tun daga kamfani an cika shi da shi don kada ya ruɓe. Guda huɗun nan sun kusa kai gishirin da aka yarda mai lafiya ya ci a yini guda, sannan ga wanda kika ƙara. Mama, duk wanda kika cire daga miya yana komawa cikin Baba da safe, har da riba. Shi ya sa jinin ya ƙi sauka. In ciwon nan ya sake bugunsa, ba lalle ya tashi ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Ba laifinki ba ne, gyara kika yi niyya. Don Allah a daina ba shi daga yau. Na rubuta wa Yaya ya bar aikowa.

Ki gaida Baba da Inna Asiya.

Ɗiyarki,
Magdalene

*

Dabai, 6 ga Nuwamba, 2004

Magdalene,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake.

Da farko, ni a sanina gishirin ajiya daban, na miya daban, wuta ke cinye na ajiya. Haka na tashi na ga ana yi. Amma ke kika yi karatu, na bi. Na raba sauran tsiran a zumuntar mata ta coci, na ce wa babanki ya ƙare. Jini kuwa ya sauka, likita har da yaba min.

To sai mi? Wata ya ƙare, mutumin nan ya ja sandarsa zuwa bakin titi. Yari ya tsaya ya gaishe shi, amma bai zo da kular tsire ba. Ya dawo ya zauna gindin mangwaro, ya ce, "Yaron ya sake yar da ni." Tun ranar tuwo sai ya taɓa ya ture, ko rediyonsa ba ya kunnawa. Haba Magdalene! Kin iya karanta leda, ba ki iya karanta ubanki ba?

Na tare Yari na tambaye shi. Ya ce Aaron ya zo tasha hannu wofi, ya tambayi jikin Baba, ya ce, "Ashe kashe shi nake yi," ya juya yana share ido. Wancan yana can kunya ta hana shi magana, wannan yana nan yana ramewa, ni ina tsakiya da miya lami.

Jiya na gaji da ɓoye-ɓoye, na karanta masa takardarki daga farko har ƙarshe, na faɗa masa maganar Yari. Ya saurara har na gama. Can sai ya ce in miƙo masa biro. Da hannun nan mai ciwo ya rubuta, ya hana ni taimaka masa. Yari zai tafi da ita gobe.

Ki sa mu a addu'a. Ki riƙa sa rigar sanyi.

Uwarki,
Leah

*

Dabai, 5 ga Nuwamba, 2004

Aaron,

Ina gaishe ka. Yaya aiki? Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Na ji komai. Ba ka kashe ni ba, ina nan.

Abin nan naka ba shi da daɗi. Tun ranar farko ban so shi ba, uwarka kuma ta ƙara lalata shi. Na ci ne don daga hannunka ya fito.

Kada ka sake sayen komai. Dawa ta nuna, ni ba zan iya yanka ba bana. Ka nemi hutu ka zo gida, ɗana.

Allah ya yi maka albarka.

Ubanka,
Ezekiel